Neman Launin Shuni a Bakin Teku

Tun da na dawo daga Benin ban huta ba. A ɗakin malamai na lise, sakandaren da nake koyarwa, a gidan suna, har a layin jiran ruwa a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: Madam Balki, ya teku? Na ga teku, sau ɗaya, ta tagar mota. Ruwa ne mai yawa da ba ya shayuwa, wanda a ganin mutumin Damagaram asara ce babba. Amma ba ita ta kai ni ba. Tunda baki ya gaji da maimaitawa, bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ni malamar fizik ce, na daɗe ina koyarwa a nan Damagaram. 'Yar Birni ce ni, mahaifina marini ne, cikin 'yan ƙalilan da suka rage suna rini da baba na gaskiya, ba garin kanti ba. Da girma ya fara zuwa, ga 'ya'ya huɗu, sai na jajibo wa kaina karatun digirin ƙarshe a jami'a, a kan abin da na buɗe ido na gani a ƙofar gidanmu: me ya sa shuni yake shuɗi.

Maganar ba ta da wuya kamar yadda masu ita ke so a ɗauka. A cikin kowace ƙwayar shuni akwai elektaron da yawa, kowane a kan matakalarsa. In haske ya faɗa wa ƙwayar, ɗaya daga cikinsu yakan haɗiye wani yanki na hasken ya yi tsalle zuwa sama, ya bar gurbinsa fanko. Ragowar hasken shi ido ke gani ya kira shi launi. Tsawon tsallen shi ke yanke ko wane launi ne. Aikina in sa ordinata, wato kwamfuta, ta lissafa tsawon tsallen nan. Na yi wata shida ina fama, kuran, wato wutar lantarki, ya zo in kunna, kuran ya tafi in koma farko, da lissafi ya fito sai ya ba ni ɗan guntun tsalle. A bisa faɗar ordinatata, rigunan da Baba ya shekara arba'in yana rinawa ba shuɗɗa ba ne.

Na kai wa mai kula da aikina, Dokta Sanda. Dokta ya yi karatu a Faransa shekara ashirin da wani abu da suka wuce, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Ko a tsakiyar bazara kwat yake sakawa da karabat ɗaure a wuya. Ya dubi takarda ta saman tabarau ya ce wannan ƙaramin abu ne, in duba nawa ya rage lissafin ya kai shuɗi, in ƙara masa daidai wannan. Ya ce sunan dabarar almakashi: a yanke matakalar sama, a ɗaga ta. Na ƙara, lissafi ya zauna cif a kan shuɗi, kamar an gwada. Dokta ya ce ai ya faɗa.

Ana nan sai na ga sanarwar wata makaranta ta mako biyu a bayan garin Porto-Novo, inda za a koyar da sababbin hanyoyin irin wannan lissafi. Na nema, aka ɗauke ni. Dokta da ya ji ya ce ɗaliba ba ta nuna aiki a gaban manya ba tare da malaminta ba, ya yi rubuce-rubucensa har aka ƙara sunansa. Wannan ya yi mini rana ta wani wajen, don maigidana, baban Nana, wanda ya kwana uku yana cewa zai yi tunani, yana jin da dattijo za a tafi ya ce Allah ya tsare. Aka buga aikina a kan babbar takarda ta mannawa a bango, sunan Dokta a gaba da manyan baƙaƙe, nawa a baya kamar jela. Na naɗe ta na zura a cikin guntun tiyon famfo don kada ta lalace.

Bayan sallar asuba muka hau kar, babbar motar fasinja. Dokta ya kama kujerar gaba, ni ina bayansa da tiyona. A Takieta aka tsaya ɗaukar mutane, wata mata mai jiki ta shigo da jakunkuna uku ta zauna kusa da ni, ko in ce rabinta a kusa da ni, rabi a kaina. Sunanta Hajiya Tasalla, fataucin atamfa take yi, hanyar Kwatano a wurinta kamar hanyar kasuwar Dole ce. Kafin mu kai Tasawa ta san sunan mijina, yawan 'ya'yana, da dalilin da ya sa ban ƙara haihuwa ba. Da ta ji ina kiran na gaba Dokta, ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗarsa, ta fara lissafa masa ciwon gwiwa da na ƙugu da wani abu da ke tokare mata ƙirji in ta ci tuwon dawa. Dokta ya bari ta gama, sannan ya ce shi ba irin wannan dokta ba ne.

"To dokta na mene ne, Alhaji?"

"Na elektaron."

"Allah ya ba su lafiya," in ji ta, ta koma ta jingina.

A Maradi muka ci shinkafa da wake a tsaye, direba na danna oda kamar gobara ta tashi, bayan shi ne ya ɓata minti ashirin yana gaisawa da mai shayi. Muka wuce Madawa, muka wuce Galmi inda warin albasa ya shigo ya biya kuɗin kujera, muka wuce Kwanni da Dogon Dutsi. A kowane shinge in an ce a fito da katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, Dokta katin jami'a yake fara miƙawa, jandarma ya juya shi ya mayar masa ya ce ɗayan. Haka har Dosso, bai gaji ba, su ma ba su gaji ba. A Dosso muka kwana. Ni da Hajiya muka haɗa ɗaki a wani masauki kusa da gar, wato tashar mota, mai fanka wadda ke juya kai tana kallon kowane lungu ban da inda gado yake.

Da hantsi muka isa Gaya. Gadar kan iyaka a rufe take, kowa ya sani, ta ruwa ake hayewa. Kafin bakin kogi akwai wata rumfa da ake duba takardu, a nan tafiyar ta kusa ƙarewa. Wani jami'i mai gashin baki ya karɓi takardar misiyo tamu, ta izinin tafiyar aiki, ya karanta dalilin tafiya, wanda aka rubuta da Faransanci: corrections à plusieurs corps. A wurin masu fizik ma'anarsa gyaran lissafi saboda elektaron suna da yawa, kowane yana taɓa kowane. Amma duk ɗan Nijar ya san in an ce corps masu kaki ake nufi, soja da jandarma da polis da duwan, wato kwastan. Correction kuwa ita ce abin da uba ke yi wa ɗa da bulala. Mutumin ya karanta sau biyu, ya aje takardar a hankali, ya dube mu.

"Madam, corps nawa za ku je ku koyo ladabtarwa?"

Na buɗe baki, Dokta ya riga ni. Ya gyara karabat ya shiga bayani da Faransancin birnin Paris. Ya ce aikinmu nazarin bandes ne, wato matakalan nan na elektaron, amma kunnen jami'i ƙungiyoyin 'yan ta'adda ya ji. Ya ce ana yi musu ruwan haske har su harzuƙa. Jami'in ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Aka tambayi abin da ke cikin tiyo. Aka zaro takardata aka shimfiɗa a ƙasa, aka danne kusurwoyi da duwatsu, maza uku suka tsaya a kan zanen ƙwayar shuni suna neman inda barikin soja yake a ciki. Ni kuwa ina tunanin yadda zan koma in gaya wa baban Nana cewa na ƙare a Gaya.

Hajiya Tasalla ce ta fid da mu. Ta aje jakunkunanta ta matso, ta gaida mai gashin baki da sunan garinsu, ta tambayi lafiyar uwargidansa.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yar marina ce daga Birnin Damagaram. Rini za ta ƙaro ilimi a kai. Wannan tsohon rakiya ya yo mata."

Jami'in ya dube ni ya tambaya ko haka ne. Na ce wallahi haka ne, shuni nake karanta. Ya ce to me ya hana a faɗa tun farko, ai shi ma kakarsa da rinannen zanen turkuɗi aka yi mata aure. Ya buga hatimi. A littafinsa ya rubuta ni mai koyon rini, ya rubuta Dokta mai rakiya. Dokta ya ga abin da aka rubuta, wuyansa ya kumbura ya cika karabat.

A bakin ruwa dole ya cire takalma ya naɗe wando. Aka zaunar da shi a kan buhun albasa a tsakiyar kwale-kwale, tiyo a rungume. Mai jirgin ba ruwansa da digiri. In mutum ɗaya ya motsa sai jirgi ya karkata, sai ya daka wa kowa tsawa, na dama su matsa, na hagu su gyara, har a sake daidaita. Ina salati tun daga wannan gaɓa har waccan. Ni da a garinmu ruwa a jarka nake ganinsa.

A Malanbil, garin farko a ɓangaren Benin, muka rabu da Hajiya, ta ba ni lambarta da shawarar kada in ci abin da ban ga kansa ba. Daga nan kudu muka yi ta yi, kwana ɗaya a Paraku, ƙasa tana ƙara kore har abin ya fara ba ni haushi. Ciyawa a bakin hanya ta fi mutum tsawo, babu ko akuya ɗaya da ke ci. Kwatano kuwa gari ne na kabu-kabu, dubbai, duk da riguna ruwan ɗorawa, mata ma suna tuƙa nasu babura da kwandon abarba a baya da goyo a tsakiya, ba mai juyowa ya kalle su.

Makarantar tana cikin itatuwan kwakwar manja. Aka haɗa ni ɗaki da wata 'yar Kamaru mai suna Kilaris, mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ina shiga na murɗa famfo, ruwa ya zo. Ban yi wata-wata ba na cika bokiti, na cika buta, na cika kwandon shara na roba bayan na wanke shi, na jera a bango. Kilaris tana zaune a gado tana kallona. Kwana biyu ba ta taɓa su ba, tana zagaye su a hankali, ta ɗauka wani abin addini ne. Da na gaya mata don kada a ɗauke ne, ta tambaye ni wa zai ɗauke, ya kai ina. Amma har na bar wurin ban kwana da bokiti fanko ba.

Abinci kuwa, Allah ya sa na taho da kilishi. Tuwonsu na masara ne mai tsami da sanyi, a naɗe a ganye, miyar kuma barkono ce da aka ɗan ɗiga wa tumatir don kunya. Kifi dai ba laifi. Rana ta biyu aka kawo dodon koɗi, manya kamar dunƙulen hannu. Na ce na ƙoshi. Dokta ya sanar da teburin gaba ɗaya cewa a Faransa wannan abincin manya ne, ya sa aka zuba masa huɗu. Ina kallonsa ya tauna na farko kamar mai tauna robar taya. Sauran ukun a hankici suka ƙare, hankicin a aljihun kwat, ya kuma manta da su har washegari, sai da ƙudaje suka tuna masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba abinci ba ne, sunaye ne. Babbar malamar makarantar wata tsohuwa ce daga Italiya, 'yar firit, da silifa na roba, wadda aka ce rabin littattafan fannin da hannunta a ciki. Sunanta Marta, kuma haka kowa ke kiranta, gatsau, har yaran da ta yi jika da su. Ni da ko sunan ɗan farina ba na faɗa, sai da na kwana uku ina ce mata Madam tana waigawa tana neman wadda nake kira. Katin da aka rataya wa kowa a wuya suna ɗaya ne a kai. Na Dokta an rubuta Sanda kawai. Ya ari biro ya ƙara abin da ya ɓace da hannunsa. A aji kuma in aka ce akwai tambaya, yakan miƙe ya yi jawabin minti biyar a kan zamansa a Faransa, Marta ta saurara har ƙarshe ta ce ba ta ji tambayar ba, ya ce ai tsokaci ne.

Rana ta uku aka manna takardu a bango. Na tsaya gaban tawa, da sauran shatin duwatsun Gaya a kusurwoyinta, Dokta a gefena. Marta ta zo da kofin shayi, ta karanta daga sama har ƙasa, ta ce abin sha'awa ne, ba ta taɓa ganin lissafi mai sauƙi irin wannan ya faɗa daidai kan launi haka ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan lambar da muka ƙara ta tambaya daga ina ta fito. Dokta ya ce wata dabara ce da ya daɗe yana aiki da ita. Ta ce ta san almakashi, ana amfani da shi, amma faɗin yankan daga wane lissafi aka samo shi. Ya ce daga gogewa. Ta juyo gare ni, tunda ni na kunna ordinata.

Mutum bakwai ko takwas sun taru. Dokta yana kallona. A gida an koya mini ba a kunyata babba a gaban mutane, kuma wannan babban shi zai sa hannu a kan digirina. Amma na ga in na yi shiru yau, sai in yi ta yin shiru har ranar da zan tsaya gaban alƙalan jarrabawa.

"Daga rigar babana ta fito," na ce. "Mun san shuni shuɗi ne, sai muka ƙara abin da zai sa ya zama shuɗi."

Kilaris ta toshe baki. Marta ba ta yi dariya ba. Ta ce to ordinata ba ta gaya mana komai ba ke nan, mu muka gaya mata, ta maimaita. Ta ce in same ta gobe bayan darasi.

Da la'asar Dokta ya tare ni a bakin ɗakin cin abinci. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ɗauko ni daga lise ya kawo ni cikin mutane, na tuɓe masa hula a kasuwa. In mun koma in nemi wani mai kula da aiki. Ni da shi mun san a duk Damagaram babu wani. Na shiga ɗaki na zauna tsakanin bokitaina na yi kuka, Kilaris ta ba ni ayaba soyayya, wai a garinsu ita ce maganin malamai.

Washegari Marta ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce lissafina na farko yana ɗaukar kowane elektaron kamar shi kaɗai ke motsi, sauran a daskare. Alhali in ka cire ɗaya daga wurinsa, ko ka cusa ɗaya a sabon wuri, duk sauran sai sun gyara zama, kuma wannan gyaran zaman yana canza kuɗin shiga da na fita. Nan take na ga mai jirgin Gaya yana daka tsawa, na ce mata na gane. Ta buɗe mini hanya zuwa wata babbar ordinata a ƙasarsu, wadda kuran bai taɓa yanke mata ba tun da aka haife ta. Abin da tawa za ta yi wata tana nishi, wannan kafin a gama shan shayi ta gama.

Amsar da ta fito ta fi ta farko muni. Tsallen da da ya yi gajere yanzu ya yi tsawo har ya wuce duk hasken da ido ke gani. A sabon lissafi shuni fari ne tas kamar gishiri. Na ce wa Marta na ɓata wani abu. Ta ce ban ɓata ba, rabin hanya na zo. Na lissafa cire elektaron a kai shi nesa, da kawo wani daga nesa. Amma wanda haske ya ɗaga ba ya zuwa ko'ina, yana nan kusa da gurbin da ya bari, kuma shi da gurbin suna jan juna, wannan jan yana rage tsawon tsallen sosai. Sai a sa shi a lissafi shi ma. Kwana huɗu na yi a kan wannan, ina kuskure ina gyarawa. Duk lokacin aikin hannu kujerar Dokta fanko take. Yau waya daga jami'a, gobe ido na yi masa yaji. Sau ɗaya na hango shi shi kaɗai a ɗakin, yana danna baƙaƙe da yatsa ɗaya, da ya ji motsina ya rufe.

Ranar da lissafi ya kammala, launin da ya bayar ba shuɗi ba ne. Ja ne mai duhu da ya karkata wajen shuɗi, irin wanda ake ce wa shunayya. Marta kuwa ta tafa hannu sau ɗaya. Ta ce ƙwaya ɗaya tal na lissafa, ita kaɗai a sarari, kuma ƙwayar shuni in tana ita kaɗai, kamar a cikin hayaƙi, wannan ne launinta. Sai ta shiga cikin 'yan'uwanta a jikin zane, suna riƙe da juna, sannan take komawa shuɗi. Wannan shi ne aikin da ya rage mini, kuma shi ne digirin.

Na fita waje na kira Baba. Sai da muka gama gaisuwa, ya tambayi ko ana ba ni abinci, sannan na tambaye shi ko ya taɓa ganin shuni ya yi ja.

"Kullum. In aka kawo mini shuni ina shakkarsa, ɗan ɓarɓashi nake ɗorawa a kan garwashi. In hayaƙin ya tashi ja-ja, na gaskiya ne. In bai yi ba, a mayar wa mai shi." Sannan ya ce, "Balki, wannan ne ya kai ki har bakin teku? Da kin tambaye ni, da na hutar da ke kuɗin mota."

Na gaya wa Marta, ta sa na maimaita, ta rubuta a littafinta, ta tambayi sunan Baba da yadda ake rubuta shi.

Ranar rufewa aka ba ni minti biyar na nuna sabon lissafin. Da na gama Dokta ya miƙe ya ce shi dama ya daɗe yana zargin haka, shi ya sa ya turo ni. Aka tafa masa. Wajen ɗaukar hoto ya shiga tsakiya, kusa da Marta, ni ana ganin rabin ɗankwalina a bayan wani dogon ɗan Habasha.

A hanyar dawowa bai yi mini magana ba. Muka haye kogi, muka kwana a Dosso, muka ci Kwanni da Maradi, abin da ya haɗa mu bai wuce sannu ba. Ina ta lissafin yadda zan je in roƙe shi, da wanda zan ɗauka ya raka ni, ko Baba ko limamin unguwarsu. Bayan Tasawa kar ta yi sauƙi, mutane sun sauka. Sai na ga ya taso daga kujerar gaba, yana dafa kujeru, ya zauna a ta ɗaya gefen hanya daidai da ni. Ya cire karabat ya naɗe ya sa a aljihu. Ban taɓa ganin wuyansa ba sai ranar.

Ya yi magana yana kallon bayan kujerar gabansa. Ya ce lokacin da ya dawo daga karatu ya san abin da ake yi a fannin nan kamar kowa a duniya. Ya tarar babu ordinata, babu littafi, babu wanda zai yi magana da shi, sai aji cike da ɗalibai da guntun alli. Ya ce shekara ta farko ya yi ta rubuta wasiƙu, ta biyu ya rage, ta biyar ya daina. Abin da ya sani ya tsufa a hannunsa yana kallo. Cikin mako biyun nan, in ji shi, ko kashi ɗaya cikin goma bai fahimta ba, kuma ya san tsohuwar ta gane tun ranar farko, ta rufa masa asiri.

"Maganar neman wani mai kula, ki bar ta," ya ce. "Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban iya karantawa ba. Madam Balki, za ki koya mini?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce Dokta ai ni ɗalibarka ce. Ya ce ya sani, shi ya sa bai tambayi kowa ba sai ni. Sharaɗinsa ɗaya, kada a ji a jami'a. Muna shiga Takieta ya mayar da karabat, ya koma kujerar gaba, da muka sauka a gar ya ba masu tarbarsa labarin yadda Turawa suka yi ta neman shawararsa.

Yanzu wata na uku ke nan. Yakan zo da littafin rubutu irin na 'yan lakol, yaran makaranta, ya zauna a zauren baban Nana, ya gaya wa maƙwabta ya zo duba aikina. Yatsa biyu yake dannawa da su yanzu. Yana da saurin fushi in lissafi ya ƙi, amma kansa yana ja, sau biyu ya kama mini kuskure na gaske, ya yi ta murna har ya manta bai ambaci Faransa ba.

Sunan da na ba shi a nan ba nasa ba ne, na cika alkawari gwargwadon iyawata. Waɗanda suka gane shi duk da haka, in kun gamu a hanya ku gaishe shi da Dokta kamar yadda kuka saba. Ranar Asabar da hantsi kuma kada a zo mini hira, ina da ɗalibi.